Shirun da Ake Bar wa Kaka

Abin da na fara gani ranar da na iso gidan kawuna a unguwar Roumdé Adjia shi ne kwanon kunu a ƙofar ɗakin Kaka, an rufe shi da faifai, tururuwa sun yi layi a gefensa. Azahar ta wuce, kunun kuwa na safe ne. Daga Tignère na zo don in shiga lise, wato sakandare, a nan Garwa. Ita Kaka shekararta biyu a gidan, tun da zama ya gagara a Kolofata aka ɗauko ta. Maƙwabta da Fillanci suke hira, ita ba ta jin sa sosai, sai ta lafe a ɗaki.

Abu ɗaya ke sa ta ci abinci. Tana da ƙawa a can, wata tsohuwa Kirista daga kan dutse, wadda suka shekara da shekaru suna baje kaya kusa da juna a kasuwa, Kaka daddawa, ita wake. Uwar tagwaye take ce mata. Ɗiyar tsohuwar ce ke ɗaukar muryar uwar tana aikowa ta waya, in rezo, wato layin waya, ya yarda. Matar kawu ta damƙa mini wayar ta ce, "Ke da ba ki da surutu, ki riƙa kunna mata."

A cikin saƙon tsohuwar takan ce, "Hajiya, ina wuni?" sai ta yi shiru. A cikin shirun ana jin kukan akuya. Kaka ta amsa, "Lafiya lau."

"Yaya ƙafar?"

Nan shirun ya fi tsawo, don ta san sai Kaka ta yi bayani tun daga gwiwa. Har tsiya takan bar wa wuri.

"Har yanzu kina cika gishiri a miya?"

"Ke da ba haƙori, ina ruwanki da miyata?" in ji Kaka, tana nuna wayar da yatsa.

Saƙo ɗaya yakan kai minti tara. Kullum na dawo makaranta, cikin zafin nan na Garwa, kafin in cire takalmi sai na durƙusa na riƙe mata wayar a kusa da kunnen da ke ji, har sau biyu ko uku. Hannuna ya yi tsami, littattafaina na jira. In an gama takan jawo kwano da kanta.

Wata ranar Laraba sabon saƙo ya shigo, bayan mako biyar ana jira. Washegari ina da jarrabawar lissafi. Wata 'yar ajinmu ta taɓa nuna mini inda ake dannawa murya ta yi sauri. Na danna.

Muryar ta fito siririya, tana gudu. Kaka ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, har an wuce zuwa gajiya. Da aka zo kan ƙafa ta fara, "Ai ƙafar nan tun..." sai maganar ruwan sama ta hau kanta. Ta rufe baki, ta gyara ɗankwalinta.

"Kashe," ta ce. "Sauri take yi. Ita ma ta gaji da ni."

Na ɗauki jakata na fita.

Kwana uku kwanon yana komawa madafa yadda ya zo. Kawu ya fara zancen asibiti. A rana ta uku na tsaya a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na ce ni ce na taɓa wayar, in ta yarda in sake kunnawa a hankali.

"Kada ki rufa mata asiri, yarinya. Da kunnena na ji."

Ta juya fuskarta bango.

Na zagaya bayan gida, ƙarƙashin dalbejiya. Ban taɓa ganin ɗiyar tsohuwar ba, ban san ma yadda zan kira ta ba. Sau huɗu ina ɗaukar muryata ina gogewa. A na biyar na bari ta tafi.

"Anti, ina wuni. Jikar Hajiya ce. Na yi laifi, ni na sa muryar Mama ta yi gudu, Kaka ta ɗauka an gaji da ita, ta daina cin abinci. Don Allah ki ce wa Mama ta sake aiko da wani, ko gajere ne. In ta tambayi ƙafa, ta jira sosai, ta ƙara a kan yadda ta saba."