Hawayen da Inna Take Dubawa

Damina ce, tafki ya cika, gida kuwa wayam, don ita ce ta farko babu Inna, uwar mijina. Zawo da amai suka kama autata, sai na ji hannuna a maɗigarta, yadda Inna take yi.

Da yayanta ya yi irin ciwon, maƙwabta cewa suka yi a hana shi ruwa. Inna ta ja fatar cikinsa, hannunta na ƙamshin bandar kifi.

"Ɗiyata, dubi, fata ta ƙi komawa, kuka babu hawaye. Kawo ruwan gishiri da sukari, mu tafi asibiti!"

Wannan karon da na duba, hawayen auta na nan, alamar ruwan jikinta bai ƙare ba, nawa ma suka zubo. Washegari na goya ta zuwa asibitin Yelwa, ina roƙon Allah Ya shayar da Inna ruwan Alkausara.