Bay Tsonyo da Tavra ta Tara

A Gabrovo ba a zubar da abu. Sauran 'yan Bulgeriya sun daɗe suna mana tsiya, wai muna yanke wa kyanwa wutsiya don a yi saurin rufe ƙofa kada ɗumin ɗaki ya bi ta waje, mu kuma ba mu taɓa musawa da ƙarfi ba. To ko a cikinmu Bay Tsonyo Karakolev, wato Malam Tsonyo a bakinmu, ya yi fice. Mutum ne da zai tsinci lanƙwasasshiyar ƙusa a hanya, ya kai ta gida, ya miƙar da ita, ya nema mata gwangwani.

Da gyaran keken rubutu ya fara neman abinci, yana zagaya ofisoshin masaƙu da jakar kayan aikinsa. Da masaƙun suka rufe, kwamfuta kuma ta shigo, sai ya wayi gari da ɗakin ƙasa cike da haruffan ƙarfe da zaren tawada waɗanda ba mai so ko kyauta. Matarsa Nedyalka ta sa aka kwashe su. Ranar ya tsaya a bakin matattakala yana kallo kamar ana fitar da gawa, ya kuma yi rantsuwa zamani ba zai sake barinsa a tasha ba.

Dabarar da ya yi, a ganinsa, ba ta da makusa. Ya ce ba zai bi kowace irin kwamfuta ba, iri ɗaya zai kama ya san ta ciki da bai. Ya zaɓi Tavra, kwamfutar cinya da 'yan ci-ranin garinmu ke kawowa ta hannu daga Jamus. Lissafinsa shi ne, kamfanin da ya riƙe suna ɗaya zai riƙe jiki ɗaya, kamar tsofaffin motocin Rasha da ƙofar ta bana ke shiga jikin ta shekarun baya ba gardama. Saboda haka duk matacciyar Tavra da ya ji labari sai ya je ya karɓo, ya warware ta, ya rarraba kayan cikin a kwalaye, ya jera a kantocin ɗakin ƙasa. Rabin kantocin nasa ne, rabi na kwalaben abincin da Nedyalka ke adanawa don hunturu.

Tavra ta farko kuwa ta ba shi gaskiya. Kauri gare ta kamar bulo, ɗaukarta sai da hannu biyu. A bayanta kafafe birjik: na injin buga takarda, na wayar tarho, na babban allo. A gefe ga aljihun faifai yana fitowa da kansa. Idan ka kifa ta, batir na da 'yar sakata, ka ja ya faɗo tafin hannunka. Ƙwaƙwalwarta na bayan wata ƙaramar ƙofa mai noti ɗaya, rumbun ajiyarta kuma a zare shi kamar durowa. Tsonyo ya kan ce wanda ya ƙera ta ya san akwai wani ɗan Adam da zai buɗe ta wata rana, shi ya sa ya bar masa ƙofofi.

Ta biyu ta zo, ya buɗe kwalin cajoji da murna, ya tarar an rage wa bakin cajar kauri. Kaɗan aka rage, amma tsohuwar ba ta shiga. Ya jujjuya, ya hura ramin, ya sake gwadawa. Ya ce kuskure ne aka yi a masana'anta, za su gyara a ta gaba. Kafar injin buga takarda ma ta ɓace, bai ga dalili ba.

Ta uku ita ce masoyiyarsa, har yau idan ya ambace ta muryarsa na sauka. Ta yi sauƙin nauyi, ta iya kama intanet ba waya, ga gurbin ƙwaƙwalwa har biyu. A zamaninta ne ya kama 'yar rumfa kusa da kasuwa, malaman makaranta da ɗaliban jami'ar fasaha suka riƙa layi. A zamaninta ne kuma ya fara cin iyakar Nedyalka, kanta ɗaya bana, ɗaya baɗi, yana tura kwalaben turshiya, kayan lambun da ake tsumawa a ruwan gishiri, lungu.

Daga nan kansa ya fara ɗaurewa, bai kuma sake kwancewa ba. A ta huɗu ƙwaƙwalwar tsayinta ɗaya da ta da, launinta ɗaya, amma an matsar da ɗan tsagin da ke bakinta gefe kaɗan, cikakken kwali guda ya tashi a banza. A ta biyar ya kifa ta yana laluben sakatar batir, babu. An mayar da batirin ciki. Ta shida ba aljihun faifai. Ta bakwai rumbun ajiyar ya koma ɗan siririn abu kamar cingam, notocin kuma aka yi musu kai mai siffar tauraro, duk sukudirebobinsa suka zama 'yan kallo. Abin da ya fi ɗaure masa kai, kowace sabuwa ana cewa ta fi ta baya, kuma da ya kunna sai ya ga lallai ta fi sauri. Ya kasa haɗa biyun a kansa.

"Minko, ka gaya mini," ya kan ce wa maƙwabcinsa idan suna wasan tabla, darar nan ta jefa ƙwaya, a benci. "An cire mata wannan, an cire mata wancan, amma ta ƙara kuɗi ta ƙara gudu. To abin da suke cirewa, ina suke kai shi?"

"Ɗakin ƙasanka mana," in ji Minko. "Jefa ƙwayar, malam, kana ɓata mini yamma."

"Kuma sunan bai canza ba. Idan ba batirin, ba cajar, ba ko noti ɗaya da ya yi daidai, mene ne Tavra ɗin a ciki?"

"Rubutun da ke bisa murfi. Kai ma ai sunanka Tsonyo tun kana da gashi."

Ta takwas ba ta zo hannunsa ba sai sau biyu, duka biyun kuma ya mayar wa masu su yana cewa su dawo wani mako, ba su dawo ba. Ya rufe rumfa ya ce gwiwa ce ta matsa masa. Amma bai daina karɓo matattun Tavra ba. Wannan kam ni ma na kasa gane shi, mutum ya daina shuka amma yana ta gina rumbu.

Bana da kaka ta shigo, unguwa ta ɗauki ƙamshin gasasshen tattasai na lyutenitsa, miyar da ake ɗurawa a kwalba, kowace baranda na hayaƙi, Nedyalka ta sauka ɗakin ƙasa da kwandon kwalabe ta tarar kanta ɗaya tak ta rage mata. Ta hau sama ba ta ko haki.

"Tsonyo, zo ka zauna."

"Ai a zaune nake."

"To miƙe ka ji da kyau. Kantocina nake so kafin in gama lyutenitsa. Duka."

"Nedke, abin da ke ƙasan nan babu na yarwa. Kowanne ranarsa na zuwa."

"Haka ka ce da keken rubutu."

"Wancan daban."

"Da me ya bambanta? Rumyana na zuwa ran Asabar, ta ce kwamfutarta ta mutu, kuma irin taka ce. Ka gyara ta da abu ɗaya, ɗaya tak, daga cikin tarkacen nan, na bar maka ɗakin har da kantata. In ka kasa, in kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ka yarda?"

Ya yarda da sauri har da dariya. Tavra ce fa. Shekarun da ya yi yana tara hanjinta, a ce babu ko waya ɗaya da za ta shiga?

Rumyana, 'yarsu tilo, tana koyar da lissafi a Varna. Ta iso da rana, ta sumbaci uwarta, ta zaro wani abu daga jakar hannu ta ajiye a teburin kicin. Tsonyo ya zaci faranti ne.

"Ina kwamfutar?"

"Ga ta nan, Tate," in ji ta, don haka muke kiran uba. "Duba, Tavra ta tara. Shayi ne ya ɗan zube mata, tun ranar ba ta ƙara motsi ba."

Ya ɗaga ta da yatsu biyu. Ya kifa ta. Bayan sumul, ba ƙofa, ba sakata, ba ramukan iska, ba noti ko na tauraro. Ya duba gefe: 'yan ramuka biyu ƙanana iri ɗaya.

"Wanne ne na caja?"

"Kowanne."

"Kamar yaya kowanne? Na allo fa?"

"Shi ma kowanne."

"Rumi, kada ki yi mini wasa. Rami ɗaya ba ya aiki biyu."

"Wallahi Tate, haka take. Ka bar ta kawai, akwai wurin da ake aikawa a birnin Sofiya..."

"Sofiya! Ubanki na raye?"

Nedyalka na bakin murhu tana ɓare bawon tattasai, amma bayanta ma sauraro yake.

Ya ɓata sa'o'i yana neman hanyar shiga. Ya ɓamɓare 'yan robobin ƙafafunta ko noti na ɓoye a ƙasa, babu. A ƙarshe ya gane da gam aka manne ta, abin da a zamaninsa sai takalmi ake yi wa. Ya aro na'urar busar da gashin Nedyalka ya gasa gefen, ya zura tsohon katin banki yana bi a hankali, gumi na ɗiga daga hancinsa. Murfin ya ɗago.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kusan duk cikin batir ne, baƙi, shimfiɗe kamar tabarma, shi ma a manne. Can sama ga wani ɗan allon kayan lantarki da bai fi tafin hannu ba. Ba fanka. Ya nemi gurbin ƙwaƙwalwa, babu gurbi, an narka ta da dalma a jikin allon. Ya nemi ɗan cingam ɗin nan na ajiya, shi ma an narka shi. Ga tabon shayin nan ya gani ƙuru-ƙuru, ya san ciwon, ya san inda yake, amma babu abin da zai zare balle ya sa wani. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya shiga ofishin masaƙa ya tarar ba keken rubutu ko ɗaya a kan tebur.

Duk da haka ya sauka da ita ƙasa. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, daga na ta farko har na ta bakwai, yana ɗora kowane abu kusa da ita yana aunawa da ido. Fankar ta uku ta fi kwamfutar gaba ɗaya kauri. Ko notocin ba su da ramin shiga. Ya zauna a kan buhun dankali yana tambayar kansa a ina ya yi kuskuren, tunda daga ta farko har ta bakwai bai tsallake ko guda ba, kowacce ya bi ta ya koye ta, amma ga shi an iso wurin da bai san an nufa ba.

Da yamma ya hau sama rungume da wata Tavra ta uku da ya harhaɗa daga gawa huɗu. Ya dire ta a tebur, kofuna suka yi tsalle. Ya danna, fanka ta yi gurnani, allo ya kawo haske.

"Ga wannan. Ta fi waccan lafiya. Ko miya kika zuba mata, in canza miki madannai kafin ki gama cin wainar banitsa."

Rumyana ta shafa murfin. Ita ce irin wadda ta yi karatun jami'a da ita.

"Tate, ba ta da kyamara. Manhajar makarantarmu ma ba za ta hau kanta ba."

"Amma tana aiki."

"Tana aiki."

"To in tana aiki, me ya hana ta aiki?"

Ta tashi ta rungume kansa, shi kuwa idonsa na kan allon, jira yake wani ya yi masa bayani.

Bai bari Nedyalka ta kira kowa ba, shi ya kira da kansa. Masu tsohon ƙarfe suka zo da 'yar motarsu, suka riƙa ɗora kwalayen a sikeli ba tare da sun buɗe ba, ta uku da ta shida duk ɗaya a wurinsu. Minko ya leƙo ta baranda da tsiya a bakinsa, ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye ta ya koma ciki.

Nedyalka ta wanke kantocin da ruwan zafi, ta shimfiɗa musu sabuwar jarida. Ta gama lyutenitsa, ta gama turshiya, ta dafa 'ya'yan itatuwa ta ɗura. Tsonyo ya taya ta saukar da kwalaben. Ta jera, ta ja baya ta duba. Ta sake jera su da tazara, kowace kwalba nesa da 'yar'uwarta. Duk da haka kanta ɗaya da rabi suka ci. A ranta tana lissafi ne da gidan da, lokacin da surukarta ke raye, Rumyana na gida, 'yan'uwa na zuwa daga ƙauye su tafi da jaka cike. Yanzu baki biyu ne, ɗayan ma likita ya hana shi gishiri.

Suka tsaya su biyu a ƙarƙashin ƙwan lantarki, katakai fayau har rufi.

"Da ma haka ɗakin nan yake da girma?" in ji ta.

"Ban sani ba, Nedke."

Ta ɗauki kwalba ɗaya ta kai kantar sama, ta kalle ta ita kaɗai a can, ta sauko da ita.

"Kai ma dai," ta ce, "da na ce duka, sai ka ba su duka?"