Daren da Inna Tumba ta gani da hantsi

Kakata Inna Tumba ba ta yin tatsuniya hannu sake. Sana'arta ƙuli-ƙuli ce, kuma da yake zafin rana yana sa ta jiri, sai bayan magariba take ɗora kasko. Mu jikokinta mu kewaye murhu, tana mulmula tunkuza tana jefawa cikin mai, baki na aiki hannu na aiki. Wanda ya yi gyangyaɗi ba ya samun gutsuren da ya fashe a kasko, saboda haka ba mai gyangyaɗi. Ita ta haifi Babanmu, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gidan Mama ake kirana. Ita kaɗai ke ce mini Takwara, kuma wurin zamana jikin ƙafarta ta dama ne.

Dokokinta biyu ne. Ba ta tatsuniya da rana, ko da za ka yi birgima a ƙasa, ta ce mai yi da rana ɓata yake yi a daji. Sannan ba ta haɗa tatsuniya da labari. In tatsuniya ce za ta rufe ta da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce mai daɗi, a tashi a kwanta. In kuwa abin da ta gani da idonta ne, ba ta rufe shi da komai, don ba ya bukata. A ƙauyenmu, can yamma da Bakura, in mata suka yi musu kan wanda aka riga haifa cikin yara biyu, Inna ake tambaya, abin da ta faɗa ya zauna.

Ina da shekara tara aka yi husufin rana. Inna ba ta nan, ta tafi Damaga ta ƙasar Maradun wajen Goggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ta haihu. Na tuna ranar sarai. Da hantsi ne, haske ya fara yin wani iri, kamar an wanke shi ya koɗe. Maza suka tafi masallaci yin salla. Baba ya hana mu ɗaga kai, sai muka zuba ruwa a baho muna leƙen rana a ciki. Ta yi ta raguwa har ta koma kamar yankan farce, gari ya yi dishi-dishi, inuwar ganyen dogon yaro ta zama ƙananan jinjirin wata birjik a ƙasa. Muka jira yankan farcen nan ya ɓace, bai ɓace ba. Ya tsaya, ya fara kumbura, shi ke nan. Gaskiya ma na ɗan ji haushi, don na zaci abin zai fi haka.

Da Goggo ta yi arba'in Inna ta dawo. Daren farko da ta ɗora kasko, Baba ma ya jawo tabarma kusa don ya ji labarin 'yan'uwa. Inna ta zungure ni da gwiwa.

"Takwara, ina kika ɓoye da dare yay yi?"

"Wane dare, Inna?"

"Daren hantsi mana." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba wanda ya gane. "Ina shanyar kayan jinjiri sai sanyi yat taso awa na asuba. Kaji sunka bi juna sunka shige akurki. Na ɗaga kai, babu rana. Baƙin faifai nig gani, da hwarin gashi kewaye da shi awa hurhurata. Ga tamraro babba can, ga wani ƙarami. Gindin sama kau ja ko'ina, awa magariba ta hwaɗi gabas da yamma lokaci guda."

Baba ya gyara zama, ya yi magana a hankali yadda yake yi mata kullum.

"Inna, mu ma mun gani. Ta rage ƙwarai, amma ba ta ɓace ba. Rana guda ta, wadda ag ga Damaga ita ag ga Bakura."

"Ni za ka hwaɗa ma rana guda ta? Na riga ka ganinta."

Sai yayana Sani, mai bakin da ba ya jira, ya ce, "Ƙurunƙus!" Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Inna ba ta yi ba. Ta juya ƙulin da ke cikin mai, ta ce tana da shaida, shaidarta kuwa ita ce ta yi tatsuniya a ranar. Da duhun ya rufe, yaran gidan Goggo suka ɓarke da kuka, sai ta tara su a gindin rumbu ta ce tun da dare ya yi, ku zo in ba ku wata. Ita da ba ta taɓa tatsuniya da rana ba, ta ce, za ta fara ne da tsufanta?

Ta maimaita mana abin da ta ba su. Wai a wani gari wuta ta mutu a kowane murhu, aka aiki wata yarinya ta ɗebo. Ta shiga maƙwabta babu, ta shiga gari na gaba babu, ta yi ta tafiya da ɗan kaskonta har ta iske wata tsohuwa zaune ita kaɗai a fili, ta kife tukunya da murfi, haske yana tsiyaya ta gefen murfin. Tsohuwar ta ce, wuta tana nan, amma mai ɗaga murfin nan sai wanda bai taɓa faɗin abin da bai gani ba. Yarinya ta ajiye kaskonta, ta durƙusa, ta ɗora hannu a kan murfin.

"Sai me, Inna?"

"Sai rana taɓ ɓullo, zakara yay yi cara. Nig ga gari ya waye, nik kama bakina."

Muka yi ta roƙo ta ƙarasa, yanzu ai dare ne na gaske. Ta ƙi. Ta juyo gare ni.

"Takwara, ke ma ƙarya kika ce nika yi?"

"A'a, Inna."

"To kin yarda?"

Har yau ina jin zafin murhun nan a fuskata. Baba yana kallona, Inna tana kallona. Ban taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Kuma ita ce ta koya mini kada in faɗi abin da ban gani ba, yanzun nan ma ta gama faɗa a tatsuniya. Na ce, "Inna, ni dai ban ga tamraro ba."

Ta gyaɗa kai. Ta tsamo gutsure ta miƙa mini, ta ce ranar da na yarda, ranar za ta ɗaga mini murfin.

Daga nan kaina ya ɗaure, kuma bai kwance ba. In na kwanta sai in yi ta juya abin. Ko dai rana biyu ce, ta Maradun daban ta Bakura daban? Amma Baba ya ce guda ce, kuma Baba ya yi karatu. Ko barci ya ɗauke ta ta yi mafarki? To kajin fa, su ma mafarkin suka yi? Na ji Baba yana gaya wa mahaifiyarmu a ɗaki cewa idon Inna ne ya fara yana, a bar ja da ita. Matan unguwa suka ji, sai kiranta raba musu ya ragu. In ta faɗi abu, wata ta yi murmushi ta ce, ko wannan ma da hantsi ne? Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, amma ban san yadda zan kare ta ba, tun da ni ce shaidar da ta juya mata baya.

Sau da yawa na shirya in ce na yarda don kawai in ji ƙarshen. Sau ɗaya ma na faɗa. Ta ɗago haɓata ta dube ni, ta ce, "Bakinki yay yarda, Takwara, idonki bai yarda ba." Ta ci gaba da ba mu sauran tatsuniyoyi, kowace da ƙurunƙus ɗinta, ban da wannan. Damina biyu bayan haka Allah Ya yi mata rasuwa.

Bara na je Damaga bikin Rabi, jaririyar da Inna ta je wa zaman jego. Muna tsakar gida muna tsinkar shinkafa, wata tsohuwa ta ce yarinyar nan ai an haife ta shekarar da dare ya yi da hantsi. Kowa ya ce haka ne, aka ci gaba da aiki, kamar an ce jiya an yi ruwa. Ni kuwa na ajiye tiren hannuna. Na jawo Hassi, babbar 'yar Goggo, na ce kun ga taurari? Ta ce biyu, babba da ƙarami. Mijinta, malami ne a makarantar Kaya, ya ɗauki faifai ya tare tocila ya nuna mini a bango. Wata ne ya tare rana, ya ce, inuwarsa kuwa siririya ce, wanda ta bi ta kansa ya ga dare, wanda ke gefenta kaɗan sai dai ya ga dishi-dishi. Tafiyar da ba ta kai wuni ba ce tsakaninmu da su.

Ban gama haɗiye wannan ba Hassi ta kama hannuna.

"Mama, shekara nawa nika son in tambaye ki. Yarinyag ga mai ɗibar wuta, mi tag gani da taɗ ɗaga murhin tukunya? Da dare mun roƙi Inna ta ƙarasa, tac ce wagga ta Takwarata ta, ita za ta fara jin ƙarshenta."

Kuka na yi, cikin gidan biki, matan suna ta ba ni haƙuri ba su san dalili ba.

Yanzu na san Inna ta faɗi gaskiya, Baba ma ya faɗi gaskiya, ni ma haka. Sanin bai sauƙaƙa mini ba. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma har yau ban san me ya kamata 'yar shekara tara ta ce ba. Abin da kawai na gano shi ne akwai maganar da ban iya ba a lokacin: ban gani ba, Inna, amma ke kin gani. Da na faɗi haka, da ban yi ƙarya ba, da kuma ta ɗaga mini murfin.

'Ya'yana suna son tatsuniyar yarinya mai ɗibar wuta. Ina ba su ita bayan magariba, in kai inda ta ɗora hannu a kan murfi, in yi shiru. Ƙaramar takan ce, "To ki ce ƙurunƙus mana." Ba na cewa.