Shafin da Na Yi wa Goshin Motar Autanmu

Ni baduku ne ɗan baduku, kuma abin da aka fara koya mini tun ban iya riƙe basilla ba shi ne, aiki ba ya fita daga rumfa sai da shafi. Ko jaka ce ko kube, in ka juya baya ka ga tsirarar fata, to rago ne ya yi aikin. Wannan tarbiyya ce ta kusa raba mu da autanmu.

Shi bai gaji dukanci ba. Soja ya tafi, ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da kanikanci a hannu da kuma taurin kai. Ya yi shekaru yana faci da gyaran kekuna a Ƙafin Maiyaki, ransa ba ya so, har aka yi masa tayin aiki wurin masu haƙar kuza a Jos. Tun da Inna ta ji zancen ta daina cin abincin kirki. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa, amma son auta kam ba ta ɓoye shi. Ta ce ta jira shi ya dawo daga yaƙi, ba ta da sauran ƙarfin wani jiran.

Ana cikin haka sai ga shi da gawar wata ƙaramar mota a bayan babbar mota. Wani Bature ne ya yar da ita a Riruwai, inji ya mutu, har kaji sun yi ƙwai a kan kujera. Tsohon bakaniken da ya je wa shawara a Kano ya ce ya nemo mata ƙaramin inji irin nata, ya zauna lafiya. Ina! Auta ya ce ƙaramin inji ba zai hau tudun Doguwa da kaya ba, ya je ya kinkimo na wata motar soja, mai fulogi takwas. Tsohon ya ce wannan inji zafinsa ya fi ƙarfin motar, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Rani guda ya yi a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ya yanke rufin, ya cire murafen tayoyi don ta rage nauyi, ya datse salansa, ya yi mata jan fenti da ratsin rawaya. Ran da ya fara tayar da ita sai da jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya. Inna ta toshe kunne ta ce wannan ba mota ba ce, masifa ce. Mutanen gari kuwa sun samu abin hira. In ya zo wucewa sai a ce, “Soja, yaushe jirgin naka zai tashi?”

Tsokanar nan ce ta tunzura shi. Rannan a tsakar gida, a gaban Inna, ya ce ranar Laraba zai kai motar Doguwa ya dawo da ita. In ta kasa, to ya tabbata ba shi da rabo a garin nan, zai ɗauki akwatinsa ya tafi Jos. Na san halinsa, in ya faɗa ya faɗa.

Ni ma na so a ga hannuna a jikin motar. Na riga na lulluɓe kujerun da fata, sai na ce bari in yi wa goshinta ado, daidai gaban lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Na samu jar fata mai kyau na huda ta da zane, ƙananan taurari jere-jere, na sa mata tuntaye a ƙasa. Auta ya ɗaga ta ya hangi rana ta cikin hudojin, ya ce, “Ta yi, Yaya. In dai iska za ta wuce, ɗaura.” Na ji rabin farko na maganar, na bar rabin ƙarshe a nan. Bayan ya fita na juya aikin na ga bayansa tsirara, raina ya ƙi. Na yanko baƙar fata mai laushi na yi masa shafi, ɗinki ƙanana, irin wanda mahaifinmu zai gani ya gyaɗa kai. Daga gaba in ka duba, baƙin nan sai ka rantse rami ne.

Muka tashi bayan sallar asuba, ni da shi. Har Tudun Wada motar nan gudu take kamar ana korarta, ina riƙe da hulata, shi yana dariya. Rabona da ganin haƙoransa haka tun kafin ya tafi soja. Muna shiga dajin Falgore sai tururi ya fara tashi. Ya tsaya, ya bari ta huce, ya ƙara ruwa. Ba mu yi nisa ba ta sake tafasa. A karo na uku ruwan garwarmu ya ƙare, muka tsaya a gindin wani hawa kusa da rafi, rana ta take.

Ya duba fanka lafiya lau, ya duba bel, ya leƙa ƙasa ba ɗigo. Sai ya goge hannu ya zauna a kan dutse. “Yaya, tsohon nan ya yi gaskiya. Injin ya fi ƙarfinta. Ni ne ban ji magana ba.” Sannan ya ce, “Kai za ka gaya wa Inna. Ni ba zan iya kallon idonta ba.”

Na rasa abin yi, sai na zagaya gaban motar ina kakkaɓe farin da suka manne a jikin adona. Na dafa fatar na ji ta yi zafi, ta lotsa ciki ta lafe a jikin lagireto. Nan take na tuna zugazugin da nake ɗinka wa maƙera. Ni ne fa mai cika baki a kasuwa cewa ɗinkina ko numfashin sauro ba ya ratsa shi. Ashe hancin motar na toshe da hannuna tun daga gida.

Ba zan ɓoye ba, sai da Shaiɗan ya raya mini in zare shafin a ɓoye in jefa a daji. Babba ya amsa kuskurensa a gaban ƙane, abin da nauyi. Amma in na yi shiru, zai ci gaba da zargin injinsa, ya tafi ko da mun isa. Na ce, “Auta, zo ka gani.” Na kwance adon na juya masa bayansa.

Ya kalli shafin, ya kalle ni. Na shirya jin ashar irin ta bariki. Sai ya shafa ɗinkin da yatsa ya ce, “Kai, Yaya, amma fa ɗinkin ya yi kyau.” Daga nan dariya ta ƙwace masa har da hawaye, ni ma na bi shi. Na zaro wuƙar aikina na farke ɗinkin, muka ɗebo ruwa a rafi, muka mayar da jar fatar da hudojinta a buɗe. Motar ta cinye hawan nan ko tari ba ta yi ba. Mun yi azahar a Doguwa, ya sa hannuna a kan murfin inji don in ji da kaina, ɗumi kawai.

Rana na shirin faɗuwa muka shigo gari. Masu tsokana suna bakin masallaci, suka bi mu da kallo. Muka tarar da Inna a tsakar gida, akwatin sojansa a gabanta. Ashe tun safe ta wanke masa kaya ta ninke, ta daka masa dakuwar guzuri, don kada ya tafi hannu rabbana. Ta ce tun daga nesa ta jiyo rurin, ta ajiye tsintsiya ta kasa kunne, ba ta taɓa jin ƙara mai daɗinsa ba.

Na durƙusa na gaya mata abin da na aikata. Ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba. Ta buɗe akwatin tana fitar da rigunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tura ƙunshin dakuwar gabana, ta ce wa auta, “A ba wancan ya raba wa maƙwabta. Ba mai tafiya a gidan nan.”