Baffa Gwadabe, Mai Karanta Taya da Yatsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baffana, Malam Gwadabe mai faci na tashar Gaya, a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Ni ce Zulfa, 'yar ƙaninsa. Bara na gama firamare. Ranar sadakar uku mata sun cika gidanmu, kowa yana faɗin alherinsa. Ni ma na buɗe baki har sau biyu, murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ɗauko littafina na makaranta na rubuta. Baffa, ka san halina, ba za ka yi mamaki ba.

Shekara talatin da 'yan kai ka yi a gindin darbejiyar nan ta bakin tasha, da famfonka da bokitin ruwa. Direban da ya yi faci a daji ya aiko, ko kana cin abinci kakan rufe kwano ka tafi. Mai keke da mai kura ba ka sa su jira don mai mota ya iso. Da idonka ya fara rauni ba ka gaya wa kowa ba sai ni. Idan na kawo maka abincin rana sai ka ce, "Uwata, zo ki duba min lambar nan." In karanta maka girman taya a hankali yadda ba wanda zai ji, kai kuma ka faɗa wa direba da ƙarfi. Sauran aikin kuwa yatsunka ne suke yi. Ka shafa taya sau ɗaya ka ce ta ci gefe, ko ƙusa tana ciki, a duba a tarar haka ne. Zurfin zanenta kuma da tsinken ashana kake aunawa.

Kai ka koya min cewa taya iri biyu ce. Akwai mai kibiya a gefenta, zanenta kamar sawun kaza, duk ya fuskanci wuri ɗaya. Dole ta riƙa juyawa inda kibiyar ta nuna, don haka wadda aka ɗaura wa dama ta dama ce, ba ta komawa hagu sai an cire ta daga rim, wato ƙarfen da take kai, an juya. Akwai kuma marar kibiya, wadda ko'ina aka kai ta gidanta ne.

Maganar da nake so mutane su sani ta faro ne bara, kafin faɗuwar damina. Matan Kademi masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suna da ƙungiya, sun haɗa ƙarfi sun sayi ƙaramar bas, irin wadda ake kira Sharon, tana kai musu kaya kasuwar Ajingi da ƙauyuka, wani lokaci har Kano. Hajiya Batula ce shugabarsu, Yaya Muntasir kuma direbansu. Tayoyin motar huɗu sun suɗe, ba makawa sai an canja. Yaya Muntasir ya ga masu kibiya a Kano, na hannu amma kamar sababbi, suka shiga ransa. Hajiya Batula ta ce ba za a saya ba sai an ji ta bakinka, domin kai ɗan Kademi ne.

Ina wurin ranar, da kwanon abinci a hannuna. Ka shafa wadda ya kawo gwaji, ka ce taya ce mai kyau, ba za ka yi mata ƙarya ba. A kan kwalta cikin ruwan sama babu kamarta, domin zanenta yana watsa ruwa waje. Amma ka ce motar matan nan ba 'yar kwalta ba ce. Rabin rayuwarta a burji take, cikin ƙaya, ga kaya masu nauyi, kuma gefen dama ya fi cinyewa. Maganinsa a riƙa musanya tayoyin, ta dama ta koma hagu, mai kibiya kuwa ba ta yarda da haka. Sannan ka kawo abin da ba wanda ya yi tunaninsa. A tasharmu direbobi aron safaya, wato tayar ko-ta-kwana, suke yi wa juna. Yau tana bayan wannan motar, gobe tana ƙarƙashin waccan, ba mai tambaya ta dama ce ko ta hagu. Idan aka ɗaura mai kibiya a juye za ta yi tafiya lafiya ƙalau a rani, sai ranar ruwa ta tara ruwan a ƙarƙashinta maimakon ta kore shi.

Yaya Muntasir ya yi dariya ya ce, "Baffa, taya dai zagaye take. Wane ne ya taɓa ganin gabanta da bayanta?"

Ka ce, "Kai ma kanka zagaye yake, amma ba ka tuƙi da ƙeya."

Aka fashe da dariya. Abin ya ba shi haushi, sai ya faɗi magana mai zafi. Ya ce, "Mutumin da ba ya ganin lamba sai yarinya ta raɗa masa, shi zai zaɓa min taya?"

Ashe an sani. Ashe har shugabannin tasha sun fara shawarar ba wani wurinka. Ji na yi kamar ni na tona maka asiri. Kai kuwa ko gezau. Ka juya wajen Hajiya Batula ka ce, "Hajiya, ku sayi marasa kibiya, a riƙa kawo min motar duk wata biyu ina musanya su. Idan kafin ƙarshen damina ta biyu ɗaya ta riga 'yan'uwanta cinyewa, ni da kaina zan ɗauki famfona in bar gindin bishiyar nan."

Hajiya Batula ta gyara mayafi ta ce, "Muntasir, motar tamu ce ko taka?" Aka sayo marasa kibiya.

Tun daga ranar aka sa maka suna Mai Kibiya, don tsokana. Idan ka wuce sai wani ya ce, "Baffa, zo ka duba takalmina, ko na sa a juye." Ka ce masa, "Na ji tafiyarka tun daga nesa, a juye kake gaba ɗaya." A gida kuwa na ga abin da ba su gani ba. Inna Hansai, matarka, ta tambaye ka inda ɗanku Yaya Muzammil zai zauna in wurin ya tafi, tunda ba wata sana'a da ya iya sai wadda ka koya masa. Ka daɗe kana juya tsinken ashana a hannu.

A tsakiyar daminar bara aka yi ruwa mai ƙarfi da rana. Motar Malam Badaru, wani direban tasharmu, ta kwaso santsi a kan kwalta ta gangara gonar gero. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya rasu, sai wata tsohuwa da ta gurɗe a hannu. Da aka jawo motar ka durƙusa ka shafa tayoyinta na gaba, ka ce duk biyun a juye suke. Aka haska, aka ga kibiya tana kallon baya. Ɗaya safayar aro ce, ɗaya kuma wani mai faci na hanya ya ɗaura. Ba ka ce lallai su kaɗai suka jawo ba, ka ce gudu ma yana ciki. Washegari ka sa na kawo maka alli daga makaranta. Ka bi motocin tasha ɗaya bayan ɗaya kana shafawa, ina biye da kai ina rubuta "dama" ko "hagu" a jikin kowace safaya mai kibiya. Mota goma sha ɗaya ka samu da taya a juye. Duk ka gyara su, kai da Yaya Muzammil, har la'asar sakaliya, ba ka karɓi komai ba.

Daga nan sunan Mai Kibiya ya daina zama tsokana. Amma alƙawarinka yana nan, domin Yaya Muntasir ya ce wannan daban, wancan daban, a jira damina ta biyu. Yana kawo motar duk wata biyu saboda tsoron Hajiya Batula, yana tsaye yana kallon wani wuri har ka gama. Ko a gadon asibiti sai da ka tambayi Yaya Muzammil ko an musanya na wannan watan.

Ka bar wasiyya a kai ka Kademi kusa da iyayenka. Ranar da ka rasu, Yaya Muntasir ne ya fara isa asibiti da motar matan Kademi. Ya kwantar da kujerun baya da hannunsa, ya ce ba motar da za ta ɗauke ka sai wannan. Mu mata muna cikin motar da ke binta, a bayanmu kuma motocin tasha ne, na ƙirga har sha tara na daina, hawaye ya hana ni gani. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Mun bar kwalta ke nan da kaɗan, sai tayar baya ta hagu ta sace. Duk jerin motocin ya tsaya. Direbobi suka fito, kowa yana miƙo safayarsa, da rubutun allina a jikin wasu. Yaya Muntasir ya ɗaga musu hannu ya ce, "Ku bar su. Tawa ba ta da dama, ba ta da hagu."

Cikin ɗan lokaci ya ɗaura ta. Mun zaci zai shiga mota, sai ya ce wa zai ba shi ashana. Ya durƙusa cikin taɓo da fararen kayansa, ya auna wadda ya cire, ya zaga ya auna sauran ukun, yana riƙe tsinken da farce a daidai inda ya tsaya. Ya kira shugaban tasha ya ce shi ma ya auna. Shugaban ya auna, ya miƙe ya ce duk ɗaya suke, kuma za su kai wata daminar.

Yaya Muntasir ya dafa ƙofar baya, inda kake kwance, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baffa, ka yi gaskiya. Ni ne ba na gani." Sai ya fashe da kuka.

Inna Hansai ta damƙe hannuna ta ce, "Alhamdu lillahi." Ban taɓa sanin mutum zai iya kuka da farin ciki a lokaci ɗaya ba sai ranar. Muka isa Kademi kafin azahar. Bayan an dawo daga maƙabarta shugaban tasha ya faɗa a gaban jama'a cewa gindin darbejiya na gidan Gwadabe ne, Muzammil ya fito aiki duk ranar da ya shirya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hansai, da 'ya'yanta Yaya Muzammil da Yaya Sadiya, da mahaifina da ya rasa wansa, da matan ƙungiyar Kademi, da direbobin Gaya da na Ajingi. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya Allah, bawanKa Gwadabe ya tsare rayukan mutane a hanya, Ka tsare shi a tasa hanyar. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka masa shi fiye da hasken da idonsa ya rasa a duniya, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Amin.

Baffa, jiya Yaya Muzammil ya buɗe wurin. Na kai masa abinci, na tarar allin ya ƙare. Gobe zan kai sabo.