Shekarar da Riɗin Kakana Ya Zube

Jiya na sayi kantun riɗi a tashar Birnin Kudu, ina cikin tauna sai haƙorina ya ci karo da tsakuwa. Nan take gonar kakana ta can Fagam ta faɗo mini a rai.

In ba ka taɓa noman riɗi ba, bari in faɗa maka, ba ya jiran kowa. Da ganyensa ya yi ɗorawa sai yanka. Ka yi sanya, kwanson ya bushe ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa kana ji kana gani. Shi ya sa duk shekara wasu mutanen Nijar suke sauka a zaurenmu da laujensu. Kakana yana kiran babbansu Malam, kakata kuwa tsokanarsu take yi wai sun fi fara cin tuwo. Kafin ka ankara sun yanke sun ɗaure, sun wuce gonar gaba.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Wani ɗan takara ya riƙa zaga ƙauyukan Gwaram da lasifika, yana cewa baƙi ne suka karya kuɗin ƙwadago, su suka hana 'ya'yanmu aiki. Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta sami wurin zama, don baffana ma yini yake a gonar wani ya dawo da abin da bai isa cefane ba. Shi da samarin gari suka tare hanya suka kori mutanen.

Kakana ya ce masa, "To, kun kore su. Gobe wa zai yanka?"

Baffa ya ce, "Mu mana, Baba."

Ina! Washegari motar kamfe ta kwashe su zuwa taro a Sara, kwana na biyu ta kai su wani garin. Mu da muka rage, tsoho da mata da yara, muka shiga da lauje, amma rana ta riga mu. Da azahar in ka tsaya shiru za ka ji kwanson yana fashewa ƙas-ƙas ta ko'ina. Kakana ya ajiye lauje ya durƙusa yana tara ƙasa da tafin hannu, kakata tana tankaɗewa da rariya. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Ɗan abin da aka tsira da shi duk yashi ne, masu saye suka ƙi taɓawa. Kafin damina ta kewayo gonar ta fita daga hannunmu, wancan ɗan takarar ne ya saye ta.

Yanzu ma zaɓe ya ƙarato, na sake jin irin wannan magana a bakin samari. Bara na bi ta gefen gonar lokacin yanka, riɗi ya yi kyau har ba a magana. Na yi wa ma'aikatan sannu, suka amsa da Hausar Damagaram ta Nijar. Suka ce Alhaji mai gonar da kansa yake aika mota ta ɗauko su.