Tukunyar tagulla ta mahaifina

Mahaifina ɗan kasuwa ne har cikin ƙashi. Ko tsumma ka taya masa, sai ya rantse maka daga Sham aka kawo shi. Muna zaune a unguwar Tandabawi ta Makka a lokacin, yana sayar da dafaffen wake a ƙofar gida cikin wata tsohuwar tukunyar tagulla. Ta sha liƙi har ta gaji, amma a bakinsa babu irinta a duk Makka.

Wata rana da hantsi tukunyar ta ɓace daga tsakar gida. Kafin azahar aka gan ta a hannun ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa, yana neman mai saye. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, ta Sudan ya shigo, matarsa tana kwance ba lafiya. Mahaifiyata ta ce a karɓi tukunya a rufa masa asiri. Mahaifina ya ce sai ya ɗan tsorata shi tukuna, ya ja shi wurin hukuma.

A zamanin akwai iyakar da kowa ya sani. Idan abin da aka sata bai kai wata kima ba, bulala ce da ɗan zaman kurkuku. Idan ya kai, hannu ne.

Ni ban je gaban alƙali ba, kawuna ne ya je ya ba mu labari. Ya ce alƙalin ya juya tukunyar, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya dubi mahaifina.

"Ya shaikh, wannan ai ta tsufa. Ga liƙi nan. Ba za ta yi wani kuɗi ba, ko?"

Hanya yake buɗe masa. Duk wanda ke wurin ya gane, sai mahaifina. Shi dai ya ji ana kushe masa kaya a gaban mutane, kamar yadda mai saye ke yi kullum.

"Wallahi tagulla ce zalla, ya maulana," in ji shi. "A kai ta kasuwa a gani."

Kawuna ya taka masa ƙafa. Alƙalin ya sake tambaya, a hankali. Mahaifina ya ƙara mata kuɗi. Dole aka kira dillalai biyu, suka auna nauyinta, kimarta ta ɗan haura iyakar da kaɗan.

Sai a nan mahaifina ya farga. Ya ce ya yafe, ya ce kyauta ma ya ba shi, ya yi kuka. Alƙalin ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Da a gida ka yafe."

Bayan sallar Juma'a aka yanke hannun. Na daɗe ina jin haushin mahaifina, kuma har yau bai gama fita daga raina ba. Ba mugu ba ne, bai dai iya jin an raina abinsa ya yi shiru ba.

Da ciwon ya warke, mutumin ya koma ɗaukar ruwa, don ba shi da wata sana'a. Kafaɗa ce ke ɗaukar sanda, wannan bai gagare shi ba. Juyewa a randa ce ta gagara. Gidaje da yawa suka daina kiransa saboda yana zubar da rabi a ƙasa. Mahaifiyata ta ce a gidanmu ba mai kawo ruwa sai shi. Da ta ji sallamarsa sai ta yafa mayafi, ta fito ta kama masa gindin garwar su juye tare. Mahaifina kuwa ya shige ɗaki ya saki labule, ba ya fitowa sai ya ji an rufe ƙofa.